Ɗan Kwikwiyo A Ingila, Ɗan Jagora A Sabon Gari

Yau zan ba ku labarin wata tambaya da aka aiko mini daga nesa, wadda amsarta ta kewayo ta same ni a ƙofar gidana.

Cikin watan Rajab na shekarar 1445, watau farkon 2024, ina zaune a zaurena a Samaru bayan sallar lisha, sai wani tsohon almajirina ya bugo mini waya daga birnin Lesta na ƙasar Ingila. A gabana ya sauke Ishmawi da Iziyya da Risala, sa'an nan ya karanta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, har aiki ya kai shi can. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai wata ƙungiya a nan mai horar da karnuka su yi wa makafi jagora. Suna neman masu sa kai su karɓi ɗan kwikwiyo su rene shi a gida kamar shekara guda, sa'an nan su mayar musu. Ni ina so in karɓa, ita kuwa maiɗakina ta ce ba ta zama gida ɗaya da najasa. Mun yarda mu kawo maganar gabanka."

Ba zan ɓoye muku ba, saura kaɗan in ce masa ya nemi tsari da Allah ya bar zancen. Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, kare abin jifa ne a wurinmu, sunansa ma zagi ne. Amma na tuna malaminmu, Allah Ya jiƙansa, yakan hana mu ba da fatawa da ƙyamar zuci. Sai na ce ya ba ni mako guda, ya kuma bayyana mini yadda aikin yake tukuna, domin hukunta abu reshe ne na saninsa.

Ga abin da na fahimta. An buɗe makarantar farko ta horar da irin waɗannan karnuka a garin Oldenburg na Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. Amurka ta bi sahu a 1929, Ingila a 1931, Afirka ta Kudu kuma a 1953. Akan ba mai reno ɗan kwikwiyo yana da kamar mako takwas. Aikinsa shi ne ya koya masa ladabi: ya zauna in an ce ya zauna, ya yi bayan gida a wuri guda, ya saba da kasuwa da mota da cinkoson jama'a, kada ya bi ƙanshin abinci ko ya kula wani kare. In ya shekara da 'yan watanni sai ƙungiya ta karɓe shi, gwanaye su ƙara masa horo na watanni, kana a haɗa shi da makaho. Ba a biyan mai reno lada, karen kuma ba nasa ba ne, ƙungiya ke ɗaukar abinci da magani. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, makahon ne ke sauraron hanya ya ba da umarnin ƙetarawa, amma in karen ya hangi mota tafe sai ya ƙi motsawa. Watau an koya masa har inda saɓa wa ubangidansa ya zama biyayya.

Daga nan na koma ga littattafai. Mas'ala ta farko ita ce najasa. A mazhabar Imamu Malik, wadda muka gada kaka da kakanni, duk mai rai tsarkakakke ne, shi da guminsa da yawunsa, har da kare, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a farkon Muhtasar. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a cikin ruwanta, malamanmu sun ɗauke shi a kan bauta ce kurum. Shafi'awa da Hambalawa su ne ke ganin najasarsa mai kauri ce, sai an wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Hanafawa kuwa yawun suka najastar, ban da jikin. Ashe ƙyamar da yawancinmu ke tsammani fiƙihu ce, rabinta al'ada ce.

Mas'ala ta biyu ita ce ajiye shi. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai fa karen farauta da na kiwo da na gona. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a ƙarshen Risala. To, shin waɗannan uku kaɗai aka yarje, ko kuwa dalilinsu ake dubawa, watau buƙata? Ibn Abdil Barri na Andalus ya tafi a kan cewa duk karen da aka ajiye domin jawo amfani ko tunkuɗe cuta ya shiga cikin rangwamen. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a gidansa na Ƙairawan lokacin da katangarsa ta faɗi kuma yana tsoron maƙiya. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. In an yarje kare domin tsaron akuya da dawa, ina ga tsaron ran ɗan Adam a bakin titi?

Mas'ala ta uku ita ce ainihin tambayar almajirina, domin shi ba makaho ba ne, ɗan kwikwiyon kuma bai fara aiki ba. Na sami Imamu Nawawi ya taɓo wannan a sharhinsa na Sahihu Muslim, inda ya kawo saɓani a kan renon ɗan kwikwiyo domin ya zama na farauta ko na kiwo nan gaba, ya kuma rinjayar da halacci. Hankali ma ya yarda da haka. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarren kare ya kamo, horo kuwa ba ya samuwa sai wani ya ɗauki wahalar yinsa tun karen yana ƙarami.

Saura maganar mala'ikun rahama da ba su shiga ɗakin da kare yake. Haɗɗabi ya ce wannan a kan karen da aka hana ajiyewa ne, Nawawi kuwa ya ce ya game kowane kare. Domin fita daga saɓani sai na ce wa almajirina ya karɓa bisa sharuɗɗa huɗu: ya keɓe masa wuri dabam da inda ake salla da barci, ya keɓe masa kwanon ci da na sha, a yi masa rigakafin ciwon hauka a kan kari, kuma kada ya tilasta wa iyalinsa, sai in ta yarda da ranta, domin zaman lafiyar gida wajibi ne, wannan kuwa nafila ce. Na kuma gaya masa ba mu ne farau ba: a garin nan nasa na Lesta, a 2008, bisa fatawar majalisar malaman shari'a ta Ingila, wani masallaci ya yarje wa wani saurayi makaho ya riƙa zuwa da karensa, aka yi wa karen wurin jira a bakin ƙofa, nesa da sahu.

Na ajiye waya ina jin na sauke nauyi. Ashe nauyin yana gaba.

Kwana uku bayan haka na fito za ni Sabon Gari. A Kwangila, inda motoci da Keke Napep da 'yan acaba ke rububin hanya, sai na hangi wani yaro riƙe da kan sanda, dattijo yana biye riƙe da gindinta. Na duba da kyau, sai na ga ɗalibina ne na makarantar dare, ɗan shekara 11, wanda ya kai izu 20 a hadda. Ya fi wata biyu ba ya zuwa, ni kuwa na rubuta shi cikin masu fashi, ban ko aika a tambayi dalili ba. Dattijon kakansa ne, wani Alhaji da na sani shekara da shekaru yana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Hawan jinin ido ne ya cinye ganinsa. Ciwo ne mai sanɗa, yakan fara daga gefe ba zafi, abin da ya tafi kuma ba ya komowa, sai dai a tare saura in an gano da wuri. Shi kuwa ko da aka kai shi asibitin ido a Kaduna, aikin gama ya gama.

Da yaron ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Muka gaisa da Alhaji, na ce, "Alhaji, yaron nan fa karatunsa ya tsaya." Ya ce, "Na sani, Malam, har ta boko an cire shi daga aji biyar. 'Ya'yana kowa yana wajen nemansa. In na zauna gida baƙin ciki ya kashe ni. In na sake shi, wa zai kai ni?" Ni da na kwana bakwai ina buɗe littattafai domin karen Ingila, na rasa abin da zan ce masa.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Na tuna muna yara, ran Juma'a, yadda makafi ke tahowa jere suna bege, kowane ayari da ɗan jagora a gaba. Mukan ba da sadaka mu wuce, ba wanda ya taɓa tambayar makomar yaron da ke gaba. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, an kafa shi ne domin tunawa da yaƙi da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa a Afirka. Duniya ta ɗauki wannan hoto alamar bala'i, mu kuwa mun saba da shi har ba mu ganinsa. Wasu mutane suna ba da shekara guda ta rayuwarsu su reni dabba domin makahon da ba su sani ba, mu muna ba da ƙuruciyar yaro sukutum, sa'an nan mu ce mun fi su tsarki.

Ba ina cewa a cika Zariya da karnuka ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hanyoyinmu ba gefen masu tafiya da ƙafa, ga lambatu a buɗe, ga karnukan sake da ba a yi wa rigakafi ba, ga yara da duwatsu a hannu. Amma abin da ke cikin aikin, watau sa kai domin Allah, namu ne tun asali. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri cewa yi wa mai raunin gani jagora sadaka ce. Saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, shi ne kuma ya zama ladanin Annabi tare da Bilal, aka riƙa bar masa riƙon Madina in an fita yaƙi. Shaɗibi mai ilmin ƙira'a makaho ne. A nan Zazzau ma ga Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Kowane ɗayansu da wanda ya kama hannunsa.

Bayan sallar asuba na tsayar da jama'ar masallacin unguwarmu na faɗa musu, na kuma fara da laifina. Mutum shida muka ɗauka, kowa da ranarsa, Juma'a Alhaji ya huta. Cikinmu akwai ma'aikacin jami'a, da tela, da mai Keke Napep wanda ya ce kuɗin motar ranarsa sadaka ne. Talata ce tawa. Wani ɗalibi makaho na jami'a ya koya mana yadda ake yi: ba a jan makaho kuma ba a tura shi, shi ne zai kama hannunka sama da gwiwar hannu, kana gaba da rabin taki, ka faɗa masa tudu ko rami kafin ku kai. Shi ne kuma ya koya wa Alhaji farar sanda. Da fari Alhaji ya ƙi, ya ce shi ba mabaraci ba ne. Sai da aka yi makonni ana lallashi, yau ga shi yana zuwa masallaci shi kaɗai.

Ba zan ce kome ya tafi daidai ba. Biyu daga cikinmu sun gaji kafin wata huɗu, sai da muka nemi madadinsu. Ni ma akwai Talatar da ruwan sama ya sa na yi ta ƙorafi a zuci. Yaron ya koma makaranta, amma ya maimaita aji, haddarsa kuma ta zube, sai da muka koma baya izu takwas. Wannan asara ce da sakacina yake da kaso a cikinta, ina roƙon Allah Ya yafe mini.

Shi kuwa almajirina, maiɗakinsa ta yarda bayan ta ji sharuɗɗan. Suka reni ɗan kwikwiyon wata 14, aka zo aka karɓe shi a 2025. Ya ce mini ranar ita ce ta fi kowa kuka.

To, ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, ga roƙona. Duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa ido tun yana gani. In ka ga yaro yana jan sanda a lokacin makaranta, ka tsaya ka tambayi gidansu kafin ka miƙa sadaka. In akwai makaho a layinku ko a rumfarku ko a ofishinku, ku raba kwanaki tsakaninku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tuna kuma tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, shari'armu kuwa ta riga ta da ƙarnuka. Malamai 'yan'uwana, in ɗalibi ya ɓace kwana uku, a aika a tambaya.

Allah Ya bar mu da jinmu da ganinmu, Ya ba waɗanda Ya jarraba haƙuri da mataimaka na gari, Ya sa mu cika da imani. Amin.