Folan: Ƙasar da Maƙwabta Suka Yi Watanda da Ita

A yammacin birnin Kirakuf, a kudancin Folan, akwai wani tudu mai tsayin mita 34 wanda hannun mutane ne ya tara shi. Na bi siririyar hanyar da ke zagaye shi har ƙoli, na hango kogin Bistula da tsohuwar fadar sarakuna. Daga 1820 zuwa 1823 talaka da mai hali suka yi ta jido ƙasa a baro don tunawa da gwarzonsu Tadewush Koshciyushko. A lokacin babu 'yantacciyar ƙasa mai suna Folan a doron duniya.

Da can kuwa daular haɗin gwiwar Folan da Lituwaniya tana cikin mafi faɗi a Turai. Rauninta na cikin gida ne. Masu sarauta ke zaɓen sarki, kuma a majalisarsu wakili ɗaya tak kan miƙe ya ce bai yarda ba, shi ke nan zaman ya watse, duk abin da aka zartar ya rushe. Jakadun waje ba sai sun sayi majalisa ba, mutum ɗaya ya ishe su. Abin da ya burge ni shi ne mutanen Folan ba sa ɓoye wannan. Masu zagayawa da baƙi da na saurara suna ambaton laifin manyansu kamar yadda suke ambaton na maƙwabta.

A 1772 Katarina ta Rasha da Firedirik na Furusiya da Mariya Teresa ta Ostiriya suka yanki kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, sannan suka tilasta wa majalisa ta sa hannu. A fadar sarki da ke Warso na daɗe tsaye gaban zanen Yan Mateyko, inda wakili Tadewush Reytan ya kwanta a bakin ƙofa a 1773, ya yage rigarsa, yana neman hana 'yan'uwansa wucewa. Bai yi nasara ba. Amma har yau yaran makaranta sun san sunansa.

Abin da mutanen Folan suka yi bayan wannan wulaƙanci ne ya fi kama zuciyata. A shekarar ta 1773 suka kafa hukumar ilimi ta ƙasa. Ranar 3 ga Mayu 1791 suka rubuta kundin tsarin mulki da ya soke ikon mutum ɗaya na rusa majalisa. Gyaran nan shi ya tsorata maƙwabta. Wasu manyan masu sarauta da suka ga gatansu zai tafi suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan garin Targobitsa, suka gayyato sojojin Katarina a 1792. A 1793 Rasha da Furusiya suka sake yanka.

Sai Koshciyushko, wanda ya taɓa yaƙin 'yancin Amurka, ya yi rantsuwar yaƙi don 'yanto ƙasar a dandalin kasuwar Kirakuf ranar 24 ga Maris 1794. An sa alama a daɓen wurin, na ga mutane suna ratse ta cikin girmamawa. A yaƙin Ratswabitse manoma riƙe da dogayen laujuna suka ƙwace igwogin Rasha. Kafin ƙarshen shekara an kama Koshciyushko da rauni, sojojin Rasha ƙarƙashin Suborof sun yi wa unguwar Piraga ta Warso kisan gilla. A 1795 ƙasashen uku suka raba abin da ya saura, Sarkin Folan Istanislaw Ogusta ya yi murabus.

Shekara 123 aka yi a haka. An tilasta Rashanci da Jamusanci a makarantu, iyaye suna koyar da harshensu a ɓoye. A 1901 yaran garin Bizheshniya suka ƙi amsa darasin addini da Jamusanci, aka zane su, duk da haka suka ƙi. Folan ta dawo 'yantacciyar ƙasa ranar 11 ga Nuwamba 1918.

Mai karatu, in Allah ya kai ka Warso, ka shiga fadar nan. Jamusawa sun tarwatsa ta a 1944, kuma da gudummawar jama'a aka fara sake gina ta a 1971.