Neman Madubin Duban Wata A Yana

Tun ina yaro nake bin mahaifina bayan gari a Yana, ran 29 ga Sha'aban, mu tsaya muna duban yamma. Yau ganina ya raunana, jama'a kuwa ni suke jira. Wannan ya sa na sayar da ragona na shiga neman madubin hangen nesa.

Wanda na fara saye, an rubuta a kwalinsa wai yana girmama abu sau 525. Ashe faɗin bakinsa milimita 60 ne kurum, alhali iyakar amfanin madubi ita ce ninki biyu na faɗin bakinsa, watau sau 120. Ƙafafunsa kuwa sirara, iska na kaɗawa sai wata ya kama rawa. Araha dai ba ta ado.

Daga baya wani malami a Azare ya ara mini iri biyu. Ɗaya mai gilashi a baki, dangin wanda Galileo ya dubi sama da shi a 1609. Ɗaya kuwa mai faifan madubi a gindi, ƙirar da Newton ya yi a 1668. Wannan faɗinsa milimita 130, hasken da yake tarawa ya fi na nawa sau huɗu. Amma bakinsa a buɗe yake, ƙurar hunturu takan kwanta bisa faifan, in an ɗauko shi a babur kuma sai an sake daidaita shi. Mai gilashin a rufe yake ruf.

Sai batun mazauni. Akwai mai bin tafiyar taurari, amma sai an saita shi da tauraron arewa, wanda a ƙasarmu tashinsa bai wuce digiri 12 ba, hazo kuma yakan rufe shi. Na fi gamsuwa da mai juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, muddin ƙafafun na da nauyi.

Na zaɓi mai gilashi na milimita 80, domin jinjirin wata fili mai faɗi yake so. Jama'a, kada wanda ya kuskura ya auna shi yamma kafin rana ta faɗi, don takan makantar nan take.

In na ga wata, hakimi zan sanar wa, labari ya bi ta fadar Katagum, sanarwa kuwa ta Sarkin Musulmi ce. Allah ya kai mu.