Turancin Tafiya: Guzurin Da Ba Ya Nauyi

 Yau zancenmu a kan Turanci ne, amma ba Turancin jarrabawa ba. Ina nufin ɗan abin da mace za ta riƙe a ka in tafiya ta kama ta, ko zuwa biki, ko duba mara lafiya a wani gari, ko aikin Hajji. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ni kuwa na ce ilmi ma mabuɗin tafiya ne, gama wadda ba ta iya karanta allon tasha, a hannun mutane take tun daga fita har dawowa.

Kada ki ce Turanci ya fi ƙarfinki. Ai kin daɗe kina yinsa ba ki sani ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, jirgin sama kuma ya fara sauka can a 1925, kakanninmu suka yi ta ɗaukar kalmomin baƙi suna gyara su daidai bakinsu. Tasha daga "station" ta fito, tikiti daga "ticket", fasinja daga "passenger", direba daga "driver", birki daga "brake". Ki lura da dabararsu. Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, sai ya sa wasali tsakaninsu, ko ya yar da ɗaya, sa'an nan ya rufe ƙarshen da wasali. In kin gane wannan, sai ki bi sawu ki koma baya. Fasfo, biza, otal, kwastan, taya, duk naki ne, sauranki ki ga yadda a kan rubuta su.

To, bari mu shiga tasha tare. A bakin ƙofa za ki ga "Entrance", watau mashiga, "Exit" kuwa mafita. A filin jirgin sama, kamar na Malam Aminu Kano, akwai alluna biyu da ba a wasa da su: "Departures" wajen masu tashi, "Arrivals" wajen masu sauka. "Gate" ita ce ƙofar da za ki bi ki shiga jirginki, kullum da lamba tare da ita. "Luggage" ko "baggage" kaya ke nan. "Delayed" an jinkirta, "cancelled" an fasa. Ki riƙe "Ladies" ma, domin nan ne bayan gidan mata, abin da yawancinmu mu kan ji nauyin tambayar namiji. A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna, ko ta Idu a Abuja, hanyar da aka buɗe a 2016, za ki ji ana cewa "platform", watau dakalin da a ke tsayawa a hau, da "coach", watau tarago. Har a Jidda, allunan filin jirgi da Larabci da Turanci su ke.

Akwai wurare biyu da na ga mata sun fi cutuwa. Na farko lokaci. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, 'yarta ta haihu a wani gari, aka yanko mata tikiti aka rubuta 7 a.m. Ta kwana shiri, ta yi tuwon tafiya, ta isa tasha bayan La'asar tana tsammanin bakwai na dare ne. Ashe tun safe an tafi. Da ta dawo na ce, "Inna, me ya sa ba ki kawo an duba miki ba?" Ta ce, "'Yar nan, ai na ga bakwai, bakwai kuwa na san ta." Kuɗi ya tafi, suna kuma aka yi ba ita. To, ki riƙe: "a.m." daga tsakar dare ne zuwa tsakar rana, "p.m." daga tsakar rana zuwa tsakar dare. In kuwa kin ga lamba ta wuce 12, kamar 19:00, ki ɗebe 12, abin da ya rage shi ne ƙarfe 7 na maraice.

Na biyu kuɗi. Turanci yana da lambobi masu kama da juna a kunne. "Thirteen" 13 ne, "thirty" 30. "Fifteen" 15, "fifty" 50. Mai ƙarewa da "teen" goma sha ce, mai ƙarewa da "ty" gomiya. In kin yi shakka, ki miƙa takarda ki ce, "Please write it down", watau don Allah rubuta mini. Haka nan ki tambaya ko tikitinki "one way" ne, zuwa kawai, ko "return", zuwa da dawowa. A fasfo kuma ki nemi "date of expiry", ranar da ya ke ƙarewa, gama ƙasashe da yawa ba su karɓar wanda saura ƙasa da wata 6 ya mutu.

Ga 'yan maganganu huɗu da za su fisshe ki. "Please, where is...?" don Allah ina ne wuri kaza. "How much is it?" nawa ne. "What time does it leave?" ƙarfe nawa zai tashi. "Please speak slowly", don Allah yi magana sannu. Kada ki ji kunyar karyewar harshe. Ma'aikaci ba makin jarrabawa zai ba ki ba, hanya zai nuna miki, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Yaya za a koya? Ni dai ɗan littafi na ke ajiyewa kusa da madafa, in rubuta kalma 5 kowace safiya, in yi ta maimaitawa ina tsince shinkafa. A wata guda kalma 150 ke nan. Ke 'yar makaranta, wannan aikinki ne. Bayan sallar Isha'i ki zauna da Innarki ku yi wasan tasha, ke mai sayar da tikiti, ita fasinja, gobe ku sauya. Ke kin sami bita, ita ta sami ilmi, ga lada. Amma fa ban da dariya in ta yi tuntuɓe, ita ma ba ta yi miki dariya ba sa'ad da ki ke koyon tatata. Ke kuma uwargida, kada girma ya hana ki koyo wurin 'yarki, gemu ba ya hana ilmi, balle ɗankwali.

Wannan guzuri ba a auna shi a sikeli, ɓarawo ba ya ɗauke shi, kwastan ba ya tare shi. Ku fara yau da kalma 5. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.