Ni da Jinsin Suna a Italiyanci

Da na soma koyon Italiyanci, sai na ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. Darasin farko ya nuna cewa galibin sunayen da suka ƙare da wasalin -o jinsin namiji ne, kamar "libro", wato littafi, masu -a kuwa tamata, kamar "casa", wato gida. Na ce ai wannan -a tamu ce, ita ce a riga da hula da gona.

Ashe da sauran rina a kaba. Rannan na rubuta "la problema", malamin ya ja mini jan layi, wai "il" ake cewa, domin sunan namiji ne duk da wasalinsa. Na yi ta gunaguni cewa harshen ba shi da tsari, har sai da na tuna da gida da ruwa da suna, waɗanda duk maza ne. Shekara uku ina nazarin nahawun Hausa ba su taɓa damuna ba, don a nono na sha su.

Abin da bakina ya ƙi karɓa har yau shi ne rana da wata. A wurinsu "sole" namiji ne, "luna" kuwa tamata. Duk sa'ad da zan ce rana ta fito, sai na tsaya na sauya mata jinsi tukuna.