Togo, siririyar ƙasa mai ƙofar teku

Wata safiya ina koyar da labarin ƙasa a wata lakwal ta Maradi, sai wani ɗalibi ya ɗora ɗan yatsansa a kan taswira, ya rufe Togo ɗungum. Aji ya kwashe da dariya. Ban tsawata masa ba, domin ni ma na taɓa raina ta, kafin ƙanen mahaifina ya tafi da ni Lome cikin kamyonsa.

A waccan tafiya na gane tsawonta. Daga Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, zuwa teku, ya haura kilomita 600, alhali gaɓarta ba ta kai kilomita 60 ba. Mun ratsa ƙasar Moba, muka haye kogin Oti, muka hau duwatsun Kabiye a Kara, muka yi sallar Juma'a tare da Kotokoli a Sokode, sannan muka gangara ƙasar Ewe, inda dutsen Agu, mafi tsawo a ƙasar, ya kai mita 986.

A Mango ne baffana ya ce mini: “Ɗana, saurari sunan garin nan da kyau, Sansane-Mango.” Sansani! Kalmarmu ce, a kan tsohuwar hanyar da fataken Hausa ke bi zuwa Gwanja neman goro. Ashe inda na ɗauka baƙunta na je, sawun kakanni na taka.

Sai na zana wa ɗalibai tutar da Paul Ahyi ya tsara, wadda aka ɗaga ranar 27 ga Afrilu 1960: layuka biyar, kore da rawaya, da farin tauraro cikin jan murabba'i. Na rubuta musu kirarin ƙasar: Aiki, Ƴanci, Ƙasar Haihuwa.

Daga nan na tambaye su: Nijar ta ninka Togo fiye da sau 20, amma ina tekunmu? Sa'ad da iyakarmu da Benin ta rufe a 2023, ta tashar jiragen ruwan Lome kaya da dama suka riƙa shigo mana, kuma kowace uwa ta ji nisan hanyar a farashin shinkafa.

Laifin namu ne, mu malamai. Muna sa yara haddace faɗin ƙasashe, ba mu gaya musu wanda ke zaune ciki, balle abin da ya haɗa mu da shi. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Yaron nan ya janye yatsansa a hankali, ya ce: “Mushe, nuna mana Mango.”