Gafiya a Gindin Katanga

Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da muke zaune a ƙasar Haɗeja mun san wata dabba da ba ta jiran bango ya tsage, ita ce ke tsaga shi da kanta, wato gafiya. An ce a Amurka masu gida kan kwana da baƙin cikin wata 'yar dabba mai suna gofa, wadda ke ɓata masu ciyawar ado ta ƙofar gida. Mu ba ciyawar ado gare mu ba. Abin da muke da shi tsakar gida ne da ake sharewa safe da yamma, da ɗan lambun zogale da kuɓewa, da rumbu, da katangar ƙasa. To amma ita gofar da gafiyarmu sana'arsu ɗaya, domin kowacce tana da jaka a kumatu da take cusa abinci, kuma kowacce a ƙarƙashin ƙasa take gina gida.

Ba kasafai ake ganin gafiya da rana ba, saboda haka sai dai a karanta alamunta. Alama ta farko ita ce sabuwar ƙasa. Idan gari ya waye aka tarar da tarin ƙasa mai laushi, launinta ya bambanta da ta tsakar gida, a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu ko jikin tsohon suri ko tsakanin saiwoyin darbejiya, to an yi aiki cikin dare. Bakin ramin ɓera ɗan ƙarami ne, amma na gafiya dunƙulen hannun babban mutum zai shiga, domin dabba ce da nauyinta kan wuce kilo 1. Kuma da wuya raminta ya zama mai ƙofa ɗaya. In an ga guda, sai a zagaya bayan gida a nemi ta biyu.

Alama ta biyu sawu ne. Dattawanmu kan barbaɗa toka a bakin rami da almuru, da asuba su zo su duba kafin kaji su fito. In akwai mai gida a ciki, za a ga sawayenta da kuma wani dogon layi a tsakaninsu, inda wutsiya ta ja ƙasa. In kuwa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ramin, ta tashi. Sai dai wannan ba dalilin zura hannu ba ne, domin kangon gafiya masaukin maciji ne da kunama.

Alama ta uku ita ce irin ɓarnar. Ɓera kan ci a wurin, ya bar ɓawo da gari. Gafiya ɗauka take yi ta tafi da shi. Gyaɗar da aka shanya ta ragu ba ɓawo a ƙasa, goro ya ɓata, sabulu ya ɓata, wani lokaci har cokali. Yara nawa aka daka a kan abin da ke jibge a ramin gafiya? Almajirai nawa aka sallama daga gidan aiki? Mu da muke koyarwa mun sha raba rigimar ɗalibai 'yan kwana a kan ƙuli-ƙuli da garin kwaki, alhali ɓarauniyar tana ƙarƙashin daɓe. Kafin a rantse a kan mutum, ya kamata a duba kusurwar ɗaki.

Kada kuma a ɗora mata laifin wasu. Kurege da rana yake yawo, shi ne mai tone gyaɗa a gona ana kallonsa. Jaɓa kuwa ƙwari take ci, warinta da kukanta ne kawai ke damun mutane. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta ƙasar Borno a 1969, wani ɗan ɓera ne daban ke yaɗa shi. Amma ita ma gafiyar ba a wanke ta ba, don a 2003 da ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, an bi sawun cutar har zuwa dabbobin da aka kai daga Ghana, ciki har da gafiya. Samarinmu masu farautarta su sani.

Abin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu shi ne ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Guri ya san yadda ginin ƙasa ke zubewa. Ba daga sama yake fara mutuwa ba, daga tushe ne. Ramin da aka raina da rani, shi ne kwararon da ruwa zai bi da damina ya jiƙa harsashin gini har ya zauna. Haka jingar da jama'a ke kwana suna ɗaurewa da buhunan ƙasa a bakin kogi: rami guda ya isa ya zama mafarin ɓallewarta. Don haka lokacin duba gindin katanga da jikin jinga shi ne bazara, kafin ruwan farko.

Maganin ma ba na gaggawa ba ne. Masu cusa wuta a rami da hunturu sun sha ƙona rumbu da danga. Masu zuba guba kan wayi gari kaji sun mutu, ga kuma yara masu rarrafe. Abin da ya fi shi ne a tabbatar da toka cewa tana nan, a ɗana tarko, sannan a cike ramin da tsakuwa da taɓo a daddage. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a kwashe juji daga jikin gini, domin in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ba mu ce gafiya ba ta da amfani ba. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ana horar da danginta su sansano nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka, har wani mai suna Magawa ya sami lambar zinare a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya. Allah bai yi banza ba. Mu dai roƙonmu ta yi gininta can a bakin fadama, ta bar mana gindin katanga. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya tsare mana gidajenmu, amin.