Bindigar Bahago a Bakin Tafkin Kainji

A gidanmu na Birnin Yauri ni kaɗai na tashi bahago. Iyaye sun yi nasarar mayar da ni dama wajen cin tuwo da rubutun allo da karɓar abu daga hannun babba, amma jifa da sara da harbin danƙo suka ƙi barin hagu. Babu wanda ya damu da wannan sai da na isa bin kawuna daji.

Ina ƙarami aka datse Kwara a Kainji. A 1968 ruwa ya taso ya cinye gungu da fadamu, aka tashi mutane wajen 44,000, Gungawa da yawa suka baro tsibiransu suka dawo sababbin gidaje a tudu. Mu yara abin da muka gani shi ne daji ya sauya. Duk shekara tafki ya cika ya ja baya, inda ya bari ciyawa ta tashi, manoma su bi da shinkafa da albasa. Gyazbi ya samu abinci, fakara da zabin daji suka yawaita a gefen gonaki, kirinjijiya kuwa garke-garke. Kawu maharbin ƙananan namu ne, bai taɓa cewa shi na ɓauna ba ne. Bayan girbi yakan saɓi adakarsa mu nufi wajen Ngaski, wani lokaci har kusa da Wara.

Wajen 1976 ya fara ba ni in harba. Adakar irin ta maƙera ce, ana ɗura mata albarushi ta baki, gudumarta da ramin wutarta duk a gefen dama suke. Mai harbi da dama yana kwantar da kuncinsa a gefen hagu na itacen, wuta ta tashi a ɗaya gefen, nesa da idonsa. Ni da na ɗora ta a kafaɗar hagu, fuskata ta koma gefen da wutar take. Ina jan kunama tartsatsi ya watso mini, ya babbake girata, hayaƙi ya cika mini ido. Zabon da na auna ya yi tafiyarsa.

Kawu ya duba fuskata, ya ga ido lafiya, sannan ya yi dariya. "Wanga ɗa, da wane ido kaka dubi?" Ya sa na miƙa hannu na rufe wata giginya da babban yatsa, idona biyu a buɗe. Ya ce in rufe na dama: giginya tana nan a ɓoye. Ya ce in rufe na hagu: sai ta yi tsalle gefe. "To, ba hannu kaɗai ba na, har ido bahago na. Ba a gyara wanga da bulala." Daga baya na ga littattafan Turawa na koyar da wannan gwaji daidai yadda ya yi shi, shi da bai taɓa shiga aji ba. Kuma gaskiyarsa ce: akwai bahagon hannu mai idon dama, wannan gara ya koyi harbi da dama ya huta. Wanda idonsa ma na hagu ne, tilasta masa ɓarnar albarushi ce kawai.

Maƙerin da kawu ya kai ni wurinsa bai ɗauki abin da wani girma ba. Ya sa na rungumi sanda kamar ina saiti, ya auna tsawon hannuna da igiya, ya ce mu dawo bayan kasuwa biyu. Da muka koma, ga bindiga gudumarta a hagu, itacenta an fafe shi ta inda kuncina zai kwanta. Kawu ya yi mata rajista, don dokar bindigogi ta 1959 ta shafi har da adaka. Da ita na yi samartakata, kuma har yau ina ganin wannan maƙeri ya riga manyan kamfanoni da yawa fahimtar cewa mutum ɗaya cikin goma bahago ne.

Raifil mai ƙaramin harsashi, wadda ake kira .22, sai da na fara aikin malamin gona a shekarun 1980 na taɓa ta. Wani dattijon ma'aikaci a Yelwa yana da ita da lasisi, ƙirar Brno ta Cekoslobakiya. Da yamma yakan jera gwangwanayen madara a gindin suri, mu ja baya kamar taku hamsin mu yi ta gasa. Abin ya ba ni mamaki. Babu hayaƙi, babu naushin kafaɗa, ƙararta ba ta kai ta bulalar makiyayi ba. Ƙwayar harsashin ba ta kai giram 3 ba, amma inda ka auna nan take zuwa. Adaka kan ragargaza zomo har a rasa na miya. Wannan kuwa a kai take samunsa, nama ya tsira. Dattijon ya nuna mini gindin kwanson harsashin, ya ce maganin da ke tayar da wuta a cikin leɓen gefe yake, shi ya sa allura ke dukan gefe maimakon tsakiya. Shi ya sa kuma kwanson da aka harba ya gama aiki, ba a sake ɗura shi. A Amurka aka fito da wannan harsashi tun 1887, yana da araha a can. A wurinmu sai an yi saƙo Kaduna ko Kano, kuma kowane ɗaya a lissafe yake.

Nan ma hagu ta biyo ni. Sakatar Brno a dama take. In na harba a tsaye, sai in tsallaka hannun hagu ta saman bindiga in ja ta, ko in sauke ta daga kafaɗa gaba ɗaya. Kafin in gama fakara ta biyu ta kai Shanga. Na gwada wata mai ɗura kanta a hannun wani ɗan kasuwa a Sakkwato, ta fi muni: kwanso mai zafi ya riƙa gilmawa ta gaban hancina, burbushin albarushi yana feso mini. Irin wannan in leɓen kwanso ya fashe, iskar ta dama take fita, wato fuskar bahago. Mutumin yana da wata kuma, Browning, wadda ke zubar da kwanso ta ƙasa, ba ruwanta da dama ko hagu. Ta burge ni ƙwarai har lokacin da kwanso ya faɗa hannun rigata ya sa ni rawar da ban shirya ba. Wanda ya ƙera ta bai san taguwa mai faɗin hannu ba. Kuɗinta ma ya fi ƙarfin albashina.

An ce mini akwai raifil da ake ƙerawa musamman don bahago, sakata a hagu. Labari ne kawai, ba su iso kantunanmu ba.

Da dattijon zai yi ritaya ya koma garinsu, sai ya ce, "Malam, in ka samu takarda, kai ka fi cancanta da ita." Na ce, "Baba, ai ta dama ce." Ya ce, "Zauna ka harba in gani." Na zauna, na ɗora ta bisa buhu. Sai ga shi hannun hagu yana kan kunama bai motsa ba, hannun dama da ba ya riƙe komai shi ke jan sakata, ido bai bar saiti ba. A harbin gwangwani na fi shi sauri. Itacenta kuma miƙaƙƙe ne, ba a yi masa tudun kunci a gefe ɗaya ba, don haka bai ƙi fuskata ba. Game da farauta ya ce abin da na riga na sani daga kawu, cewa zomo ba ya jiran harbi na biyu. A kan haka na yanke shawara. Neman lasisin ya ci watanni, don irin wannan bindiga izininta na Sufeto Janar ne, takardu sai sun bi ta Sakkwato, wadda ita ce hedikwatar jiharmu kafin a ƙirƙiri Kebbi a 1991, su je Legas su dawo.

Sharuɗɗa biyu ya kafa mini, na kuwa riƙe su. Kada in harba kan ruwa, don wannan ƙaramin harsashi yana tsalle a fuskar tafki, kuma yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Ga Sarkawa da jiragensu ko'ina. Kada kuma in kusanci gandun dajin Kainji, ko ɓangaren Borgu ko na Zugurma, wanda gwamnatin tarayya ta killace. Saboda haka tsuntsun ruwa na bar wa adaka, raifil ta zama ta gyazbi da zomo da kurege mai tone gyaɗa.

Yanzu kamfanin CZ yana ƙera samfurin 457 mai sakata a hagu, Savage ta Amurka ma tana da nata. Da a ce ina da ƙuruciya kuma hanya a buɗe take, irinsu zan nema ba tare da dogon tunani ba, musamman don harbin tsaye. Amma hanyar ba a buɗe take ba. Tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta garinmu suka kwashe ɗalibai da malamai, ƙarar bindiga a Birnin Yauri ta daina nufin wani ya samo na miya. A 2023 rundunar 'yan sanda ta dakatar da ba da sabon lasisi. Tawa na miƙa ta ofishinsu ajiya, dajin da nake kai ta ma ba ya shiguwa.

Abin da ke damuna shi ne samarin da ke gadin ƙauyuka da adakar aro. Na ga bahago a cikinsu da tabon ƙuna a gefen ido, na san inda ya samo shi. Shugabannin maharba da na 'yan sintiri, kafin ku miƙa wa yaro bindiga mai rajista ku tambaye shi kafaɗar da zai ɗora ta, ku gwada idonsa, in na hagu ne kada ku ba shi mai wuta a dama.